Fararen Duwatsu a Bakin Shinge

Ranar da Lahsan ya fara tsayawa a shagon shayin Dadda Mbarak, Ijja, 'yar mai shagon, ta leƙo ta taga ta ga mutum biyu zaune a gaban motarsa, don haka kofi biyu ta ɗora a faranti.

Shagon yana can saman dutse, kafin a kai kwanar Tagant, inda hanya ke lanƙwasa kwazazzabo ya buɗe baki a gefenta. Direban ya fito yana murza hannu saboda sanyi. Ɗayan ya zauna ƙyam, da hular ulu har kan gira, bel a ƙirji.

"Sannunku da hanya," in ji Ijja. "Abokin naka ba zai sauko ba?"

"Si Buazza ba ya son iska," in ji direban, yana kallon sama.

Ta zagaya ta miƙa kofin ta tagar motar. "Bismilla, Sidi."

Shiru. Ta sunkuya ta duba, sai ta ga fuskar roba, ba ido ba gira, da wani zagaye baƙi da rawaya manne a gefen kai. Ta yi salati da ƙarfi, saura kaɗan farantin ya kife.

"Allah ya isa tsakanina da kai! Gawa kake yawo da ita?"

Dariya ta hana shi magana. Da ya samu numfashi ya ce, "Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Mutum-mutumi ne. Shi ne ya fi kowa aiki a cikinmu, kuma bai taɓa neman hutu ba."

"To shayinsa fa? Na riga na zuba."

"Zan sha masa."

Ya sha nasa, ya sha na Si Buazza, idonsa kuma bai bar fuskarta ba. Ya ce sunansa Lahsan, injiniya ne daga birnin bakin teku. Aikinsu fasa motoci. Sukan zaunar da Si Buazza a cikin tsohuwar mota, su ja ta da igiyar ƙarfe ba direba, su maka ta a jikin shingen ƙarfe na gefen hanya, su ga ko zai riƙe.

"Tsakiyar shinge ba ta cika ba mu wahala ba," ya ce. "Bakinsa ne matsala, inda aka turke shi a ƙasa. In turken ya tsige, duk tsawon shingen ya zama igiyar shanya. An turo mu mu gwada turakun wannan dutsen, don ƙasarku ba irin ta fili ba ce, marmashi take yi."

Murmushin Ijja ya ɗauke. Ta tattara kofunan ta shige ciki. Lahsan ya zaci surutunsa ne ya ishe ta.

Washegari ya dawo, da jibi, da gata. Ya sayi zumar da ba ya bukata har ta cika masa ɗaki. A jikin wata kwalba ya tarar an rubuta lambar waya, wai ta masu son ƙarin zuma. Da yamma ya aika saƙo:

"Si Buazza ya ce in gaishe ki. Tun da kika miƙa masa shayi bai ƙara cewa uffan ba. Ina jin so ne ya kama shi."

Ta amsa: "Ka gaya masa ya fi ubangidansa kunya. Shi ba ya zuba wa mutane ido."

"Ubangidan nasa ya yi ƙoƙari ya kasa, Zumata."

"Wa ya ba ka izinin raɗa mini suna?"

"Kwalabe ne suka cika mini ɗaki, ba inda zan juya ban gan ki ba."

Mu mutanen dutse ba ma ce wa wanda muke so zuciyata. Hantata muke cewa, don a can so yake kwana. Ranar da Ijja ta fara rubuta masa haka, Lahsan ya zauna a kan tulin ƙarafa yana ta dariya shi kaɗai, sannan ya rubuta: "Na karɓa. Ban taɓa zama hantar kowa ba, amma zan koya."

Ya san tana da wa mai suna Hmad wanda ya rasu a hatsarin mota. Sau ɗaya ta faɗa, ta sauya magana. Bai tambayi inda abin ya faru ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Dadda Mbarak, mahaifinta, tsohon direban tasi ne. Tun rasuwar ɗansa bai ƙara riƙe sitiyari ba, magana ma sai ta kama. Ya dai lura da ɗan birnin nan mai yawan sayen zuma. Matarsa Lalla Zhor kuwa har ta fara ajiye wa yaron burodi mai zafi.

Sai ranar kasuwa ta zo. Aka rufe shago, kowa ya gangara gari.

A ranar ne Lahsan ya kawo katafila don share wurin gwaji a kwanar Tagant. Daidai bakin shingen akwai tulin duwatsu da ya kai ƙugu, a kan hanyar da motar gwaji za ta bi. Ya dube su, ya zaci ɓaraguzan da suka gangaro daga dutse ne wani ya tara. Ma'aikatansa duk 'yan birni ne irinsa. Ya ɗaga hannu, katafila ta tura tulin, duwatsun suka yi ta gangarawa cikin kwazazzabo.

A nan, in mutum ya mutu a kan hanya, ba a barin wurin haka. Danginsa su ajiye dutse, duk mai wucewa ya ƙara nasa, ya yi masa addu'a. Wannan tulin na Hmad ne.

Da la'asar motar kasuwa ta sauke su Dadda Mbarak. Lalla Zhor ce ta fara gani. Ba ta yi kuka ba, ta zauna a tsakiyar kwalta da kwandonta a cinya.

Dadda Mbarak ya tako har gaban Lahsan. "Wa ya yi wannan?"

"Ni na sa, Dadda. Duwatsu ne kawai suka tare..."

"Duwatsu ne kawai."

Lahsan ya dubi Ijja. Ta rufe baki da mayafi, hawaye na zuba ta saman yatsunta. Nan take ya gane.

"Wallahi ban sani ba. Dadda, ban sani ba."

"Ka sha shayina, ka ci burodin gidana, ba ka taɓa tambaya ba." Muryar tsohon ba ta tashi ba. "Kar in ƙara ganin ƙafarka a shagona. Ita kuma ka manta da sunanta."

Akwai wanda abin ya yi wa daɗi. Abdelkbir ɗan wan Dadda Mbarak ne, mai manyan motocin dako, ya daɗe yana neman Ijja tana zillewa. Shi ne ke bayan Hmad a kan hanya ranar hatsarin, shi ne kuma ya gaya wa gari cewa yaron gudu yake kamar zai tashi sama. Yanzu kullum yana shago, ya baje a kujera yana kaɗa makullai.

"Baffa, ai na faɗa. Irinsu ne suka kafa shingen da ya ci Hmad, yanzu sun dawo sun watsar da abin tunawa da shi. A bar yarinya a gida, cikin jininta."

Ijja tana jin su daga wajen murhu. Saƙonnin Lahsan suka yi ta shigowa, ba ta buɗe ba. Da ta gaji ta buɗe na ƙarshe:

"Ba zan ce ki yafe ba, don ban san girman abin da na ɓata ba. Ki gaya mini abu ɗaya. Akwai yadda zan gane duwatsunsa a cikin na kwazazzabo?"

Ta rubuta: "Mahaifiyata na shafa musu farar ƙasa duk Juma'a. Kar ka sake rubuto mini. Baba ya hana."

Da asuba masu kiwon awaki suka hango mutum yana gangarawa kwazazzabo da buhu a baya. Tun daga ranar, kafin aiki da bayan aiki, Lahsan yana can ƙasa yana juya duwatsu, yana neman masu farin gefe. Wanda ya samu sai ya goyo shi ya hawo. Bai mayar da su bakin shinge ba, don motar gwaji za ta bi ta wurin. Ya jera su ƙarƙashin wata bishiya a ɗaya gefen hanya. Tafin hannunsa ya tsage, takalminsa ya yage. Direbobi suna wucewa suna masa hon, wasu na tsokana, wasu na jinjina.

Wata safiya ya hawo ya tarar da burodi a naɗe cikin tsumma a kan duwatsun, da ɗuminsa. Bai san ko uwar ce ko 'yar ba.

Dadda Mbarak ya ga tulin yana girma. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ya kwaso dutsen duka in yana so."

Lalla Zhor ce ta gaya wa 'yarta abin da ke cin tsohon, suna tankaɗe gari.

"Kin zaci duwatsu ne? Ranar hatsarin da safe sun yi faɗa da Hmad. Ubanki ya gaya masa magana mai zafi, yaron ya buga ƙofar mota ya tafi. Da Abdelkbir ya ce gudu yake, sai ubanki ya ɗauka fushin da ya cusa masa ne ya taka totur. Tun ranar yake ganin shi ya tura ɗansa rami da bakinsa. Duwatsun nan su kaɗai yake iya ba wa haƙuri."

Ranar gwaji jandarmomi suka tare hanya sama da ƙasa. Gari duka ya hawo kallo, mata a kan duwatsu, maza a gefen kwalta. An kafa kyamarori a kan ƙafafu. An kawo tsohuwar mota mai nauyin tasi, an manna mata baƙaƙe da rawayen tabo kamar mai ƙyanda. Bayan hatsarin Hmad an gyara shingen yadda yake tun farko, an lanƙwasa bakinsa an cusa a ƙasa. Shi za a fara gwadawa kafin a kafa sabo.

Lahsan na ɗaure wa Si Buazza bel sai Abdelkbir ya ɗaga murya.

"Kai injiniya! Da 'yar tsana kuke gwada abin da zai riƙe 'ya'yan mutane? In kai namiji ne, cire ta ka zauna!"

Aka yi dariya. Dadda Mbarak, wanda ya zo ya tsaya can baya da sandarsa, bai yi ba.

"Ya yi gaskiya," in ji tsohon. "Ɗana da jikinsa ya gwada shi. Kai ma zauna. In ka fito, ka zo shagona mu yi maganar da kake so."

Lahsan ya tsaya, hannunsa a kan ƙofar motar. Ga abin da ya yi ta hawa da sauka dominsa an ajiye masa a kujera. Ya dubi kujerar. Wayarsa ta motsa a aljihu, saƙon Ijja ne.

"Na ba wa kwanar nan mutum ɗaya. In ka shiga motar nan, ko ka fito da rai ba zan aure ka ba."

Ya ɗaga kai ya hango ta cikin mata, mayafinta a baki. Ya ƙarasa ɗaure bel ɗin, ya rufe ƙofa.

"Ba zan zauna ba, Dadda."

"Kun ji!" in ji Abdelkbir. "Matsoraci!"

"Ina jin tsoro, gaskiya ne," in ji Lahsan. "Ban san ko zai riƙe ba. Da na sani ba zan fasa mota ba."

Wasu suka yi masa ihu. Dadda Mbarak ya juya zai tafi, Lalla Zhor ta riƙe masa hannun riga. Lahsan ya sanar cewa motar za ta zo da gudun da doka ta yarda a kwanar, ba ƙari. Ya ɗaga tuta.

Babbar mota ta ja igiya. Motar Si Buazza ta taho, ba direba, ba ƙarar inji, sai kukan tayoyi. Kowa ya ga ba wani gudu take yi ba, irin wanda tsoho zai yi ne da iyalinsa a baya. Igiyar ta sake ta, ta doki shingen kusa da bakinsa.

Ƙasa ta yi tsalle. Bakin shingen ya tsige kamar an cire albasa, ƙarfen ya kwanta, motar ta haye shi a hankali, ta ɗan tsaya a gaɓa kamar mai tunani, sannan ta tafi. Aka daɗe ana jin ta tana gangarawa.

Hular ulun Si Buazza ce kaɗai ta rage a kan kwalta.

Dadda Mbarak ya tako har bakin ramin da turken ya bari. Ramin bai kai gwiwa ba. Ya daɗe yana kallon sa.

"Wannan gudun," ya ce, bai juyo ba, "shi ne duka?"

"Shi ne duka, Dadda."

"To Hmad..."

"Ban san gudun da yake yi ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Abin da na sani, ko a hankali yake tafiya, in ƙanƙara ta ja shi ya taɓa nan, wannan turken ba zai riƙe shi ba."

Tsohon ya juya ya nemi Abdelkbir da ido. "Ka ce kamar zai tashi sama."

"Baffa, haka na gani... akwai hazo ranar, daga nesa nake."

"Daga nesa."

Dadda Mbarak ya zauna a bakin ramin, ya sa fuska cikin tafin hannu. Kukan da bai yi ba ranar jana'iza shi ya yi a gaban gari duka. Matarsa ta durƙusa gefensa. Maza suka kau da kai.

Lahsan bai je shago ba. Ya ci gaba da aikinsa. Suka haƙa rami mai zurfin da mutum zai tsaya a ciki ba a gan shi ba, suka saƙa rodi, suka kawo igiyar ƙarfe mai kaurin hannu wadda za ta ɗaure bakin shinge da kankare. Saƙo ɗaya ya samu a kwanakin nan:

"Baba ya ci abinci yau har ya nemi ƙari. Bai ambace ka ba. Ni ma ban ambace ka ba. Ka sa magani a hannunka."

Ranar zuba kankare, suna shirin juye siminti, sai ga Dadda Mbarak tafe da farin dutse rungume a ƙirji. Bayansa Lalla Zhor da nata, bayanta Ijja.

"Ɗan birni, wannan zai ɓata maka aiki?"

Lahsan ya dubi dutsen, ya dubi ramin. "A cikin kankaren ba zai yiwu ba, Dadda, zai rage masa ƙarfi. Amma bayansa, ta gefen kwazazzabo, ina bukatar abin da zai tokare ƙasa."

"Ko yanzu ma ba za ka ce mini to kawai ba?"

"In na ce to a kan abin da ba daidai ba, wani ne zai biya."

Tsohon ya yi wani sauti a maƙogwaro, tsakanin tsaki da dariya. Ya zagaya bayan ramin ya ajiye dutsensa. Kafin rana ta karkata mutanen gari sun kwaso tulin duka daga ƙarƙashin bishiya, hannu zuwa hannu, an gina su a bayan turken.

Sai da kankare ya bushe aka sake tare hanya. An hawo da Si Buazza daga kwazazzabo ba hannu ɗaya, an ɗaura masa wani. Dadda Mbarak da kansa ya mayar masa da hularsa.

Aka ja igiya. Motar ta taho da gudun da ya fi na farko. Ijja ta runtse ido, ta ji ƙarar ta daki ƙirjinta. Da ta buɗe sai ƙura. Da ƙurar ta lafa, ga shingen ya lanƙwashe ciki kamar baka, igiyar turken ta miƙe tana rawa, motar kuma tana kan kwalta, gabanta a murƙushe, ta juya hanci tana kallon shagon shayi. Farin dutse ko ɗaya bai motsa ba.

Mata suka rangaɗa guɗa. Lahsan bai ji su ba, yana durƙushe yana auna yadda kankaren ya gusa. Inuwa ta rufe shi.

"Ya riƙe?" in ji Dadda Mbarak.

"Ya riƙe. Amma akwai sauran kwanoni a dutsen nan da ƙasarsu ta bambanta, sai mun..."

"Kai, tashi. Kana da uba?"

"Ina da shi, Dadda."

"Ka ce ya hawo. Ya zo da sukari kamar yadda ake yi wajen neman aure, kar ya zo mini da takardu."

Aka ɗaura aure bayan girbin sha'ir, kafin sanyi ya dawo. Abdelkbir ya aiko da rago, shi bai zo ba. Aka yanka, aka dafa, maza suka jeru kafaɗa da kafaɗa suna rawa da ganguna har ƙasa na amsawa. Abokan ango suka zaunar da Si Buazza a cikin manyan baƙi da sabuwar jallabiya, wata tsohuwa daga ƙauyen ƙetare ta gaishe shi har sau biyu, ta tafi tana cewa dangin ango ba su da fara'a.

Da za a kai amarya, Dadda Mbarak ya fito da makullin tsohuwar tasinsa, wadda ta daɗe a rufe da tamfol. Ya ce ba wanda zai tuƙa 'yarsa sai shi. Ango da amarya suka zauna a baya, Lalla Zhor a gaba.

A kwanar Tagant ya taka birki. Ya fita, ya tsinci dutse a gefen hanya, ya ɗora a kan fararen, ya ɗaga hannu. Lahsan ya fito ya ɗora nasa. Ijja ta leƙo ta ƙarƙashin lulluɓi.

"Ka san na waye yanzu, hantata?"

"Na sani, Zumata."

Tsohon ya dawo ya zauna, ya gyara madubi har ya ga fuskokinsu biyu a ciki.

"Allah ya riƙe ku," ya ce. "Ya ba ku 'ya'ya masu dawowa gida. Kai kuma ɗan birni, ɗaura bel."

Ya sa giya, suka sha kwanar a hankali.